Na Ci Abinci da Fuskar 'Yan Fim

Da fuskar 'yan fim na yi aure. Da ita na sayi filin da na gina gidan da nake ciki, kuma har gobe da ita nake biya wa 'ya'yana kuɗin makaranta. Amma in da za a tara zagin da aka yi wa mutanen nan a majalisun Kano, a ba kowa nasa, kasona ba zai yi kaɗan ba. Na daɗe ina tafe da abubuwan nan biyu, ɗaya bai taɓa hana ɗaya barci ba, kuma na san ire-irena suna da yawa a kasuwa.

Mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne a Bompai. Mun tashi mun saba da ƙarar kekensa da asuba, da burodin da yake ratayo mana ranar albashi. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin nan na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP. Darajar naira ta zube, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka fi ƙarfin masu masana'antu, wutar lantarki kuma ta zama sai ta ga dama. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka fara sallamar ma'aikata, yau a rage wannan sashe, gobe a rufe wancan. Baba ya lallaɓa har tsakiyar shekarun 1990, sannan layi ya zo kansa. Mutumin da hantsi bai taɓa yi masa a gida ba ya koma zaman tabarma a zaure, da rediyo a kunne. Inna ta fara suyar ƙosai, yayarmu ta kama ɗinki, kuɗin cefane ya koma fitowa daga cikin gida maimakon ya shigo daga waje. A shekarun nan ne Baba ya zama mafaɗaci. Mayafin yayata ya yi shara-shara, faɗa. Wani ya yi sallama da ita bayan magariba, faɗa. Mu a lokacin mun ɗauka tsufa ne.

Ni kuma aka kai ni shagon kawuna, mai sayar da kaset ɗin bidiyo a wajen Ƙofar Wambai, inda nan ne cibiyar harkar a zamanin. Da farko finafinan Indiya ne suka cika kanta, sai na faɗa da na yaƙi. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, amma sai a ƙarshen shekarun ya zama kasuwa ta gaske. Finafinan Sangaya da Wasila suka fito suka tashi gari, aka fara buga mujallar Fim a 1999, a shekarar ce kuma sunan Kannywood ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa. Samarin da iyayensu suka rasa aiki, in ba su hau acaɓa ba, to a harkar nan za ka same su: wani yana riƙe fitila, wani yana buga fiyano a situdiyo, wani yana tura katan ɗin kaset a baro.

Kafin wannan, kallo abu ne na waje. Wanda yake so sai ya tafi Plaza ko Orion ko El Dorado da dare, kuma ɗan mutunci ba ya so a gan shi a layin tikiti. Rawar da Indiyawa ke yi a majigi ba ta tayar wa iyayenmu hankali sosai ba, don Indiyawa ne, can ƙasarsu, da yarensu. Bidiyo shi ya ɗauko kallon ya kai shi har uwar ɗaka, gaban matan aure da 'yan mata. Wadda ke rawar kuma yanzu ba baƙuwa ba ce. Da Hausa take magana, atamfarta irin ta gidan ce, sunanta irin na 'yar gidan.

Akwai wani abu a cinikin da yaran yanzu ba su sani ba. Mai shirya fim ba kaset yake sayar mana ba. Zai kawo uwar kaset guda ɗaya, sannan ya kawo kwalayen da ya buga, masu hotunan 'yan wasa. Mu za mu sayi kaset marar komai, mu jera injuna mu yi ta kwafa dare da rana, mu zura kowanne a kwalinsa. Kuɗin da mai fim zai samu na kwali ne, kuma sai an sayar ake biyansa. Wanda ya yi kwantai a mayar masa da abinsa. Ke nan a duk harkar, abin da ake ciniki a kansa shi ne 'yar takardar nan mai fuskar mutum.

Mai saye ma haka yake. Zai ɗauki kwali, bai tambayi labari ba, bai tambayi wanda ya rubuta ba. “Su wa da wa ne a ciki?” Sai kuma, “Waƙa nawa ce?” Matan aure su aiko yara da sunan 'yar wasa a rubuce a takarda, wani lokaci ko sunan fim ɗin babu. Dillalan Maraɗi da Damagaram, da masu kaiwa Kumasi da Garwa, su ɗebi katan-katan, su ma fuska suke dubawa. In wani bawan Allah ya yi fim na faɗakarwa zalla, ba rawa ba waƙa, za mu yaba masa, mu ce ai haka ake so, sannan kwalayensa su sha ƙura a ƙasan kanta har ya gaji ya zo ya kwashe. Shi ya sa manyan 'yan kasuwa suka riƙa gindaya sharaɗi tun kafin a kunna kyamara: a sa wance, a haɗa ta da wane, a ƙara waƙa. Ni yaron shago ne, amma na sha faɗa wa masu fim haka da bakina.

Da dare kuma, a teburin mai shayi, ba a fi ni baki ba. 'Yan fim sun lalata tarbiyya, sun kwaso mana rawar Indiya, ba ɗan gidan mutunci a cikinsu. In na gama sai in sa hannu a aljihu in biya shayin da kuɗin kwali.

A ƙarshen 2000, bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano, gwamnati ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai aka ci gaba a ƙarƙashin dokokinta. Wannan bai girgiza kasuwa can-can ba. Wanda ya girgiza ta shi ne na watan Agustan 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar wasa ya fita daga waya ya shiga gari. Ba fim ba ne, ba a wurin aiki aka ɗauke shi ba, namijin da ke ciki ma ba ɗan fim ba ne, ɗan kasuwa ne. Amma shi ba wanda ya damu da shi. Aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka tsaurara dokoki. Adam A. Zango ya sha ɗaurin wata uku a kan kundin waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya shiga gidan yari, a ƙarshen 2008 kuma aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama wata 15. Da yawa suka tattara kayansu suka koma Kaduna.

Wannan duk jaridu sun buga. Abin da ba su buga ba shi ne wanda na gani a bakin shago. Mutum da kamalarsa, da hularsa, zai tsaya yana ta juya kwalaye har sauran masu saye su watse, sannan ya sunkuyo ya rage murya: “Kana da abin nan?” Ban sayar ba, don kawu ya rantse duk yaron da ya shigo masa da shi shago ya bar aiki a ranar. Amma na kalla, na kuma tura wa aboki ta Bluetooth, sannan muka ɗunguma majalisa tare muna Allah wadai.

A lokacin ne wata magana ta zama ruwan dare: “Ai ba Hausawa ba ne.” Wai baƙi ne suka zo daga wasu garuruwa, suka ari harshenmu suna ɓata mana suna. Maganar ta yi mana daɗi ƙwarai, domin ta wanke mu tas. In dai baƙi ne, to mu ba ruwanmu, 'ya'yanmu ma lafiyarsu ƙalau.

Ban san nauyinta ba sai da ta shigo gidanmu. Ƙanena mai bi mini ya ga wata yarinya yana so. Tana fitowa a fim jefi-jefi, irin ƙawar amarya ko 'yar aikin gida, ba ta kai a sa ta a kwali ba. Da ɗan abin da take samu take riƙe mahaifiyarta da ƙannenta. Baba ya riga ya rasu, ni ne babban namiji, aka ce in je in yi bincike. Binciken bai ba ni wahala ba, don na gama yanke hukunci tun kafin in sa takalmi. Na dawo na tara 'yan uwa a ɗakin Inna na ce: 'yar fim ce, uban daga wajen Adamawa ya zo, uwar mutuniyar Nijar ce, ba a san asalinsu ba.

Goggonmu, ƙanwar Baba, tana gefe tana tsinkar zogale a faranti. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “Kai ɗan nan, wane asali? Kakanku da ƙafarsa ya zo garin nan daga Bida, da kayan tagulla a ka. Har ya koma ga Allah, in ransa ya ɓaci da Nufanci yake faɗa. Da an yi masa irin binciken nan naka, da babu ubanku, balle kai.”

Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Amma ban janye ba, kuma tawa ce ta yi aiki. Auren bai yiwu ba. Ƙanena ya yi fushinsa ya huce, daga baya ya auri wata, suna zaune lafiya. Sai dai tun daga ranar bai sake kawo mini wata magana da ta shafi zuciyarsa ba. In mun haɗu, hirar kasuwa ce da ta yara.

Goggo kuwa gaskiya ta faɗa, kuma duk ɗan Kano ya san haka, ko daga sunayen unguwanni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawa fatake suka zauna. Garin ciniki ne, da baƙi ya cika ya batse. Kannywood ma haka take. Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi, Nafisa Abdullahi a Jos, Hadiza Gabon da Fati Nijar kuwa sunansu ma ya faɗi inda suka fito. Ranar da ɗayansu ya karɓo kambu a Legas ko a Landan, ko ranar da aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a Janairun 2024, ba ka jin mai tambayar asali. Namu ne, Arewa ta samu. Ranar da aka ga abin da ba a so, sai a tashi neman garin kakan mutum. Mun mayar da Hausanci rigar aro, mu sa wa mutum in yana mana amfani, mu tuɓe in ya ba mu kunya.

Kaset ya mutu, faifan CD ya gaje shi, shi ma bai yi tsawon rai ba. Masu tura finafinai a waya suka cika bakin titi da kwamfutocinsu, da 'yan canji a cika maka memori. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, daga baya masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka mayar da kallo talabijin da YouTube. Kawu ya rufe shago. Ni na koma Kantin Kwari ina sayar da atamfa da leshi da abaya, kuma mafi yawan abin da ke shagona daga ƙasar Sin ake kawo shi. Ɗan ma'aikacin masaƙa ke nan. Wani lokaci in ina kwance dila sai Baba ya faɗo mini a rai.

Su ma 'yan fim kasuwa ta juya musu. Kuɗin fitowa a fim ba ya riƙe mutum, sai an haɗa da talla. Manya suka zama jakadun kamfanonin waya da na sabulu, na tsakiya suka koma Instagram da TikTok: turare, man shafawa, kayan mata, filaye, atamfa. Lokacin kamfe kuma 'yan siyasa su kwashe su a motoci. Da kwali ne ke ɗauke da fuskar, in an tashi kasuwa a rufe shi a shago. Yanzu mai fuskar ce da kanta take yawo da hajar, ba ranar hutu. Dole ta sa sabon kaya kullum, dole ta ɗauki hoto a mota ko da ta aro ce, domin mai ba da talla ba ya zuwa wurin wadda ta yi kama da mai neman taimako. Mu kuma mu ga motar mu taɓe baki mu ce, “A ina ta samu?” Ƙyamar da ake yi wa harkar kuwa ba ta ragu ba. A Yulin 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da gina dandalin shirya finafinai na naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka yi ca, aka fasa. A Oktoban shekarar ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ. Duka biyun ina cikin masu tofa albarkacin baki a Facebook.

Da na buɗe wa shagona shafi a Instagram, yarana suka ce, “Alhaji, sai fa an sa 'yar fim.” Suka kawo mini sunaye da farashi. Wadda kuɗinta ya yi daidai da aljihuna ita ce yarinyar nan da na hana ƙanena. Ta ɗan yi suna, tana fitowa a wani mai dogon zango. Ta yi aure ta bar fim, kamar yadda kowa ke matsa musu su yi, auren bai ɗore ba, ta dawo da ɗa a hannu, waɗanda suka ce ta je ta yi aure su ne kuma suka ce 'yan fim ba sa zaman aure. Na so in tura yaro, sai na ga gara in je da kaina kada a yi mini cinikin banza.

Na same ta a wani gida da suke ɗaukar fim, zaune a kujerar roba a inuwar katanga, da takardar da take haddacewa a cinya. Wata yarinya tana shafa mata hoda, ga shinkafa da wake a leda a gefe ba ta samu ta ci ba. Tana ganina ta gyara mayafi ta ɗan rusuna. “Yaya, ina wuni? Ya su Inna? Ƙafar tata da sauƙi?” Ciwon ƙafar da Inna ke fama da shi tun wancan lokacin, ashe ba ta manta ba. Na amsa a daburce, na buɗe jaka. Ta bi abayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana juya ɗinkin ciki, tana murza yadin da yatsa, ta ware uku ta ce waɗannan ne za su tafi, sauran mata ba za su so wuyan ba. Ta faɗi kuɗinta. Na fara halin 'yan kasuwa, na ce a duba zumunci. Ta yi murmushi ta ce, “Yaya, ba ragi. Kasuwa ce.” Na ba da rabi, saura sai an ɗora.

Ukun da ta zaɓa suka ƙare kafin in ankara, na sake yin oda.

Ana cikin haka sai wani hotonta ya fita daga wurin bikin ƙawarta, ana rawa, mayafi ya zame. Kafin la'asar an gama da ita. Masu zagi, masu wa'azi, masu cewa dama ai ba Bahaushiya ba ce. Suka biyo ta har shafina: “Alhaji, da irin wannan kake talla? Ka ji tsoron Allah.” Nan take na sa aka goge duk hotunanta. Amma a saƙon sirri wani abu daban ke faruwa. Mata suna turo mini hoton da na goge, wanda suka riga suka adana, suna tambaya ko akwai sauran irinta. Wani da na gane sunansa cikin masu yi mini wa'azi a fili ya sayi biyu, ta uwargida da ta amarya. Cinikin da na yi a makon ban yi irinsa ba tun na sallah.

Cikon kuɗinta kuwa na riƙe. Ban ce ba zan biya ba, shiru kawai na yi. Lissafin da na yi a zuciyata, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne a halin da take ciki ba za ta iya fitowa ta yi hayaniya da ni ba. Wa zai saurare ta? In ma ta kai ƙara, wa za a gaskata, Alhajin Kantin Kwari ko 'yar fim ɗin da gari ke zagi? Bayan 'yan kwanaki ta turo saƙo: “Yaya, na ga an cire. Ba komai. Cikon fa?” Na nuna wa mai ɗakina, ina so ta taya ni jin haushi. Ta karanta ta miƙo mini wayar ta ce, “Alhaji, kayan sun sayu ko ba su sayu ba?” A daren na tura kuɗin.

A nan na ga amfanin da zagin nan yake yi wa irina. Wanda gari ya raina, aikinsa arha ne. Mai shirya fim zai riƙe mata kuɗi, mai talla ya yi mata ƙwange, mai gidan haya ya hana ta ko ya ninka mata, saurayi ya ɓata mata lokaci ya tafi, duk ba mai tsoron abin da zai biyo baya. Mu ci ribar farin jininta, mu dawo mu ci ribar baƙin jininta.

Ba ina nufin duk abin da ake faɗa a kan harkar ƙarya ba ne. Na zauna kusa da ita, na san akwai masu shirya fim da ke cin zarafin 'yan matan da suka zo neman a sa su. Akwai yaran da ke gudowa daga gida saboda hoton mota. Akwai tallan man bilicin da na magungunan da ba wanda ya san abin da ke ciki, da 'yan wasan da in dai an biya, ko me aka miƙo za su ɗaga su yaba. Malamin da ya ce fim bai halatta ba, ba ya kallo, ba a kallo a gidansa, bai ci ko kwabo daga ciki ba, ina ganin girmansa ko da ban bi shi a komai ba, don bakinsa da aikinsa hanyarsu ɗaya. Rigimata da mu ce, 'yan tsakiya, kuma mu ne muka fi yawa.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A Fabrairun 2022, wajen jana'izar mawaƙiya Lata Mangeshkar a Mumbai, jarumin finafinan Indiya Shah Rukh Khan ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya sauke takunkumin fuskarsa ya yi tofi. Wasu masu ra'ayin riƙau na Hindu suka baza cewa yawu ya tofa wa gawar. Mutumin da tun bayan da Indiya ta buɗe kasuwarta a 1991 ake sayar da mota da lemo da man shafawa da fuskarsa, amma da ya faɗi abin da bai yi wa wasu daɗi ba sai a tuna masa shi Musulmi ne, a ce ya koma Pakistan. Nasu ya fi namu muni, don a 2010 har gidajen sinima aka kai wa hari saboda fim ɗinsa My Name Is Khan. A majalisarmu ranar an yi fushi sosai, mu da muka san tofi tun muna goye. Wani abokina ya ce, “Ku ji zalunci! Mutum ya yi musu bauta shekara da shekaru, yau sun ce ba nasu ba ne.” Kowa ya ce wallahi kuwa. Ba wanda ya nuna kamar ya taɓa jin irin maganar a wani wuri, ni ma na ja bakina.

Yanzu da 'ya'yana mata suka tasa, na gane faɗan Baba. Ba mayafin yayata ne ya dame shi ba. Tukunya ce take tafasa ba da kuɗinsa ba, kuma bai san ko gobe za a ci gaba da jin maganarsa ba. Ba shi da yadda zai yi da wanda ya rufe masaƙa, ko fuskarsa bai taɓa gani ba, yayata kuwa ga ta nan a tsakar gida. Tsoron nan ne yake cin mu. Aikin albashi ya yi wuya, lefe da kayan ɗaki sun fi ƙarfin talaka, waya ta shiga ɗakin da uba ba ya shiga, yarinya tana samun kuɗi da sana'ar da uban bai gane kanta ba. Ba ofishin da za ka kai ƙarar wannan. 'Yar fim kuwa tana da suna, tana da fuska, tana da shafin da kowa zai shiga ya rubuta abin da ya ga dama. Ita ce macen da duk gari ke gani tana juya kuɗinta ba ta hannun uba ko miji ba, shi ya sa in ta yi kuskure ɗaya muke sauke mata haushin shekara. Namiji ɗan fim ya yi irinsa, kwana biyu an manta.

Babbar 'yata tana sayar da turaren wuta da humra a WhatsApp. Ranar da ta sayo wa kanta sabuwar waya da kuɗinta, ta kawo mini in sa albarka, na ji faɗa yana taso mini tun daga ciki ba tare da ta yi laifin komai ba. Na haɗiye, na sa albarkar. In ta ce za ta shiga fim zan hana ta, ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba. Dalilin ne ya canza. Da, cewa zan yi saboda halin 'yan fim. Yanzu saboda na san abin da irina za su yi mata.

'Yan uwana 'yan kasuwa masu ba da talla, na Kwari da Wambai da Sabon Gari da Farm Centre: in kun ga sana'ar mutanen nan haramun ce, ku daina sa su, ku sayar da kayanku da taku fuskar. In kuwa za ku sa su, ku rubuta yarjejeniya, ku biya su cif kafin a ɗora hoto. Ranar da gari ya taso musu kuma, in ba za ku iya kare su ba, to ku cire bakinku daga cikin masu zagi.